Wutsiyar -ing: Ga Aiki, Ina Mai Yi?

A cikin kwasa-kwasan da muke yi a makarantar nan, ba na jin akwai wanda ake rainawa kamar GNS 101, wato kwas ɗin Turanci da hukumar NBTE ta ɗora wa ɗaliban difloma. Ɗan injiniya yana ganin ɓata lokaci ne, ɗan akanta ya ce lissafi ya kawo shi, mai karanta aikin gona kuwa cewa yake shinkafa ba ta jin Turanci. A cikin kwas ɗin ma, babu darasin da ke sa aji hamma kamar na jerand, kalmar nan mai wutsiyar -ing da ke zama a gurbin suna. Ana haddace ta daren jarrabawa, a zubar da ita a ƙofar hol. Ni kuwa ra'ayina daban ne, shi ya sa na roƙi edita ya ba ni fili. A ganina, wannan 'yar wutsiya ta fi rabin abin da ke cikin handawut ɗinmu taɓa aljihun mutum da mutuncinsa, domin ita ce hanya mafi sauƙi da Turanci ke bi in yana so ya ambaci aiki ba tare da ya faɗi wanda ya yi shi ko lokacin da aka yi ba.

Ni mutumin Ƙiru ne, ƙauyenmu ba nisa da Kwanar Dangora, inda hanyar Jos ke rabuwa da ta Zariya. Mahaifiyata 'yar ƙasar Doguwa ce, dangin mahaifina kuma wasunsu suna noma a Tudun Wada. Saboda haka hanyar nan da ta ratsa Tudun Wada ta shiga dajin Falgore, na bi ta ba adadi. Duk wanda ya bi ta da ido buɗe zai ga Turancin da ke gefen titi kusan duk mai wutsiya ne: "Welding", "Vulcanizing", "Barbing", "Phone Charging", "No Parking", "No Overtaking". Masu shagunan nan da yawansu ba su taɓa zama ajin nahawun Turanci ba, amma ba su taɓa kuskuren inda za su sa kalmar ba. Sun san sunan sana'a suke rubutawa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda Hausa ta ari waɗannan kalmomi. Muna cewa a yi fakin, a yi mitin, a yi wayarin, a je tirenin, 'yan zamani kuma su kwana suna catin da burauzin. Ku lura, ba ma cewa "na fak mota", cewa muke "na yi fakin". Mun haɗa su da "yi", kamar yadda muke cewa yi barci, yi magana, yi aiki. Ke nan harshenmu tuni ya yanke hukunci cewa waɗannan kalmomi sunaye ne. Kakata da ke can Doguwa, in ta ce "sun tafi mitin", ta riga ta ci tambayar farko ta darasin jerand ba tare da ta riƙe biro ba.

To mene ne jerand ɗin? Aikatau ne da aka maƙala wa -ing ya shiga gurbin da suna ke zama. Yana iya zuwa a farkon jimla a matsayin aikau: "Farming is hard." Yana iya zuwa bayan aikatau a matsayin karɓau: "I enjoy farming." Yana kuma zuwa bayan ƙananan kalmomi irin su of, in, for, by, after, without: "He lives by farming." Gwajin mai sauƙi ne. Cire kalmar ka sa "it" a gurbinta, in jimlar ta tsaya da ƙafarta, jerand ce. Amma duk da ta zama suna ba ta manta asalinta ba, tana iya jan nata karɓau kamar kowane aikatau: "Planting rice early saves water." Jemage ce, ga fiffike ga haƙora.

Abin da ke rikita mu shi ne, ba kowace -ing ce jerand ba. Ku zo mu je bakin dam ɗin Tiga a ƙasar Bebeji, wanda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. A can za ka ga "fishing boat", in an yi rashin sa'a kuma ka ga "sinking boat". A ido iri ɗaya ne, amma na farko jirgin kamun kifi ne, na biyu jirgi mai nutsewa. Na farko ba jirgin ne ke kama kifi ba, an yi shi ne domin kamun kifi. Na biyu kuwa jirgin da kansa ke nutsewa. Haka "drinking water" da "running water", ruwan sha da ruwa mai gudu. Haka "grinding machine" da "crying child", injin niƙa da yaro mai kuka. Ga dabarar da nake amfani da ita, kuma ba ta cika ba ni kunya ba: mayar da maganar Hausa. In ta fito da -n ko -r na mallaka, kamar ruwan sha ko tabarmar zama, jerand ce. In ta fito da "mai", siffa ce, wadda littattafai ke kira fatisiful.

Wannan ruɗani yana da tarihi. A tsohon Turanci, wanda ake yi a Ingila shekara dubu da suka wuce, wutsiyoyin biyu ne daban. Sunan aiki yana ƙarewa da -ung ko -ing, mai siffantawa kuma da -ende. A hankali baki ya goge bambancin, suka haɗe suka zama -ing guda. Ita kalmar jerand daga Latin aka aro ta, daga aikatau "gerere" mai ma'anar aiwatarwa. Har ma a 2002, Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a babban littafinsu na nahawun Turanci da jami'ar Kambirij ta buga, sun daina raba su biyu, suka haɗa su ƙarƙashin suna ɗaya. Sai dai kada wani ya kai wa malamin GNS wannan hujja a takardar jarrabawa, shi raba su yake so ka yi, kuma makinka a hannunsa yake.

Mu Hausawa bai kamata abin nan ya zame mana baƙo ba, don muna da irinsa, har ya fi na Bature yawa. Muna da sunan aiki mai ƙarewa da -wa, kamar karantawa, dafawa, fitowa. Muna da wanda ba ya bin wannan tsari, kamar noma, gini, ɗinki, saye, rubutu, tafiya, sha. Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, ya yi dogon bayani a kan waɗannan kashi biyu. Kuma kamar yadda Turanci ke amfani da -ing ɗaya a "he is farming" da "farming is hard", haka muke cewa "yana noma" da "noma da wuya". Wanda ya yi nahawun Larabci a islamiyya ko a zaure kuwa ya san abin da sunan masdari. Ƙofa uku ke nan zuwa ɗaki ɗaya, amma sai a koya mana shi kamar daga wata duniya ya faɗo.

Duba karin maganarmu ma. Gani ya kori ji. Zuwa da kai ya fi aike. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Duk sunayen aiki ne. Wa ya gani? Wa ya saya? Yaushe? Ba a faɗa ba, kuma da gangan ne. Karin magana tana so ta hau kan kowa a kowane zamani, shi ya sa take neman kalmar da ba ta da mai ita kuma ba ta da lokaci. Ƙarfin sunan aiki ke nan. Nan gaba kaɗan za mu ga cewa haɗarinsa ma ke nan.

Kafin nan, bari in taɓa ɓangaren ma'ana, don na san wasu saboda jarrabawa suke karanta wannan shafi. Akwai aikatau da ma'anarsu ke juyawa gaba ɗaya dangane da ko -ing ta biyo baya ko "to". In ka ce "The driver stopped eating", direba ya daina cin abinci. In ka ce "The driver stopped to eat", ya tsayar da mota ne a Kwanar Dangora don ya ci, ku kuma fasinja sai haƙuri. "I remember locking the shop" na nufin na kulle, kuma ina tune da na kulle. "Remember to lock the shop" na nufin ba a kulle ba tukuna, kada ka manta. "Try adding oil" shawara ce, gwada zuba mai ka ga ko injin zai tashi. "Try to add oil" kuwa yi ƙoƙari ka zuba, ko da wuya. A irin waɗannan wurare, -ing ta fi karkata ga abin da ya riga ya faru ko yake faruwa, "to" kuma ga abin da ake nufin yi. Ba doka ce da ta game ko'ina ba, amma tana rage asara.

Akwai kuma aikatau da ba sa karɓar "to" sai -ing, irin su enjoy, avoid, finish, mind, deny, suggest. Sai tarkon da ya fi kama mu a wasiƙar neman aiki: "I look forward to hearing from you." Mun saba cewa bayan "to" aikatau tsirara yake zuwa, sai hannu ya rubuta "to hear". Amma wannan "to" ɗin irin ta "to Kano" ce, suna take nema, don haka dole a sa wutsiya. Haka "I am used to waking early". Sannan ga wani abin daɗi: "The pump needs repairing." Famfon ba shi zai yi gyaran ba, shi za a gyara. Mu ma haka muke cewa, famfo yana buƙatar gyara, ba mu ga wani abin mamaki ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kowane aiki yana da mai yi, amma jerand ba dole ne ta faɗe shi ba. Hanya uku ake gane shi. Ta farko, a faɗe shi ƙarara: "His coming late annoyed us." A nan ma masana sun yi ta jayayya. H. W. Fowler, mai shahararren ƙamus na amfani da Turanci na 1926, ya dage cewa sai an ce "his coming", ba "him coming" ba. Otto Jespersen, masanin nahawu ɗan ƙasar Denmak, ya mayar masa da martani da misalai daga manyan marubuta cewa Turawa sun daɗe suna faɗin duka biyun. Yau duka suna yawo, sai dai na farko ya fi dacewa da rubutun ofis. Hanya ta biyu, a tsinto mai aikin daga cikin jimlar. A "I enjoy driving", ni ne direban. A "Thank you for coming", kai ne ka zo. A "They punished him for cheating", shi ya yi satar amsa, ba masu hukuncin ba. Hanya ta uku, babu kowa, ko kuma kowa da kowa: "Smoking is prohibited."

Matsala tana tasowa ne in jimla ta bar ƙofa biyu a buɗe. Ɗauki wannan: "After harvesting, the traders bought the maize." Nahawu zai ce 'yan kasuwa ne suka girbe masarar, alhali duk wanda ya san Doguwa ya san manomi ne ya sha rana, ɗan kasuwa da buhu da mota kawai ya zo. Ko wannan: "the beating of the vigilantes". 'Yan banga aka daka, ko su suka yi dukan? Hausa ma ba ta tsira ba, "dukan 'yan banga" yana ɗaukar duka biyun, kamar "son uwa" da "neman yaro". Malaman Larabci sun daɗe da sanin wannan, suna cewa masdari yana jingina ga fa'ilinsa, yana kuma jingina ga maf'ulinsa, dukan Zaidu ko shi ya yi ko shi aka yi wa.

Wani zai ce duk wannan wasan aji ne. To ga abin da na gani da idona. Shekaru biyu da suka wuce, ƙungiyar su Baffana ta manoman rani a ƙasar Tudun Wada ta yi yarjejeniya da wani dila ya kawo musu injin ban ruwa guda biyu. Aka rubuta takarda da Turanci, kowa ya sa hannu, masu dangwale suka dangwala. Layin farko lafiya lau, an rubuta cewa dila ne zai kawo ya kuma kafa. A ƙasa sai ga wani layi shi kaɗai: "Fuelling and repairing during the season." Shi ke nan, ba a ƙara ko kalma ɗaya ba. Ana tsakiyar aiki, shinkafa ta ɗauki ciki, inji ɗaya ya tsaya. Manoma suka ce gyara na dila ne, ai yana cikin takarda. Dila ya ce shi ma a takardar ya gani, an haɗa gyara da zuba mai, kuma kowa ya san mai na manoma ne. Kwana tara ana wannan ja-in-ja, ƙasa tana tsagewa.

Ina gida hutu lokacin da aka kai maganar gaban dagaci. Baffa ya aiko aka kira ni, ya miƙo min takardar ya ce, "Ɗan nan, karanta mana da Hausa, kada ka rage kada ka ƙara." Na ce, "To, Baffa." Na karanta: zuba mai da gyara a lokacin noman. Dagaci ya ce, "Na ji. Wa zai yi?" Na sake dubawa sama da ƙasa na ce, "Ranka ya daɗe, takardar ba ta faɗa ba." Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe takarda ma ta iya noƙe kai." Ƙarshenta raba kuɗin gyaran aka yi biyu. Amma kwana taran nan babu wanda ya biya su, gonakin da ke can ƙarshen layi rabin abin da aka sa rai suka bayar. Da an rubuta "The dealer shall repair" ko "The farmers shall repair", kalma uku ko huɗu kacal, da ba a je gaban dagaci ba. Ban ce dilan ya yi da gangan ba, wataƙila wanda ya buga takardar a shagon kwamfuta ne ya ga haka ya fi kama da Turancin manya. Amma ko da gangan ko ba da gangan ba, wutsiyar ce ta ba da wurin ɓuya.

Tun daga ranar na fara karanta labarai da wani ido. Wajajen 2015, lokacin da ɓarayin shanu suka addabi yankin dajin Falgore, kalmar da ke yawo a jaridun Turanci ita ce "cattle rustling", daga baya "kidnapping" ta biyo, har ta shigo bakinmu ta zama kidinafin. A Riruwai, inda ake haƙar kuza tun zamanin Turawa, kalmar ita ce "mining", wani lokaci a sa mata "illegal" a gaba. Game da dajin kansa kuma, "logging" da "bush burning". Ka ji su kamar sunayen cututtuka ko na yanayi, abin da ke sauka kamar ruwan sama. Amma dangin mahaifiyata da aka kore musu garke cikin dare ɗaya ba "rustling" suka gani ba. Mutane suka gani, da ƙafafu da makamai. Kuma shanun nan wani ya saye su, wani ya ɗauke su a mota, wani ya kau da kai suka wuce. Kalma ɗaya mai wutsiya ta haɗiye duk waɗannan mutane.

Ga wata jimla da nake so kowane ɗan yankinmu ya tsaya ya kalla: "Grazing cattle can damage crops." Tana da fuska biyu. In jerand ce, ma'anarta kiwon shanu yana iya ɓata amfanin gona, laifin yana kan mutumin da ya kora su. In siffa ce, ma'anarta shanu masu kiwo suna iya ɓarna, laifin ya koma kan dabba, mai sanda ya fita. Kalmar "can" ce ta rufe bambancin. Cire ta ka gani: "damages" na nuna kiwon, "damage" na nuna shanun. Harafi ɗaya ne tsakani. A yankin da manomi da makiyayi ke kwana suna tashi a kan burtali ɗaya, wanda zai rubuta rahoto ko takardar sulhu bai kamata ya jahilci wannan harafi ba.

Kada a ɗauka ina cewa jerand muguwar kalma ce. Sau da yawa rufe sunan mai aiki shi ne daidai. Ɗan jarida ba shi da ikon kiran wani ɓarawo kafin kotu ta yanke hukunci. Wani lokaci ba a san wanda ya yi ba, faɗin suna zai zama ƙazafi. Doka kuma dole ta hau kan kowa, shi ya sa allon da ke ƙofar hol ke cewa "Cheating leads to expulsion", bai ware ɗan kowa ba. A dattako ma muna yi. In babba ya yi kuskure a taro, cewa ake "an samu mantuwa", ba a nuna shi da yatsa. Abin da nake cewa shi ne mu riƙa sanin lokacin da aka rufe, mu tambayi kanmu ko rufewar ladabi ce, ko rashin sani, ko wayo.

Mu dawo gida, don mu ma ba a bar mu a baya ba. Hukumar ITF ta fito da shirin SIWES a 1973 domin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya gama. Ni na yi nawa a wani garejin gyaran injinan ban ruwa da janareto kusa da Tiga, mu huɗu daga makarantu daban-daban. Ku buɗe littafin rahoton SIWES na kusan kowane ɗalibi, ga abin da za ku gani: Litinin "Servicing of generator", Talata "Rewinding of electric motor", Laraba "Testing of pump". Kyakkyawan Turanci, ba kuskure ko ɗaya. Amma bai ce kai ka yi ba. Bai ce ka taya ba. Bai ma ce kana wurin ba.

Ranar da malamin ɗaya daga cikin abokan aikina ya zo duba shi, ya buɗe littafin ya karanta "Rewinding of electric motor", sai ya ce, "Madalla. Ɗauko waya ka nuna min yadda ka fara." Abokin namu ya tsaya yana sosa ƙeya. Gaskiyar magana, ranar da aka yi naɗin, shi aka aika sayo abinci. Malamin bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ban ce ka yi ƙarya ba, don jimlar nan ba ta da mai ita, ba za a kama ta da ƙarya ba. Daga yau kowane layi ya fara da I. In kallo ka yi, rubuta I watched. In taya Oga ka yi, rubuta I assisted. Ranar da ka naɗa da hannunka, rubuta I rewound, ni kuma in sa hannu da farin ciki." Dukkanmu muka ɗauki wannan tsari. Wallahi abin ya canza zaman garejin. Da mutum ya ga ya jera "I watched" kwana biyar, kunya ce za ta sa ya je ya ce, "Oga, don Allah yau a bar ni in taɓa." Kafin mu gama, shi wannan abokin namu ya fi mu duka iya naɗin waya.

Haka abin yake a takardar neman aiki. Mutum zai jera "Handling of customers, keeping of records, maintaining of equipment", mai ɗaukar aiki ya karanta bai san ko kai ne mai shagon ko mai shara ba. Ka ce na riƙe littafin shiga da fita na wata huɗu, na gyara injina kaza. Aikatau mai lokaci da mai yi yana ɗaure ka, shi ya sa ake gudunsa, kuma shi ya sa ake yarda da shi.

Ga abin da nake roƙon 'yan'uwana ɗalibai, maza da mata. Duk inda kuka ci karo da wutsiyar -ing a takardar da ta shafi kuɗinku, gonarku, makinku ko haƙƙinku, ku yi mata tambaya uku: wa zai yi, wa za a yi wa, yaushe? In takardar ta amsa, ku sa hannu. In ta noƙe, ku nemi a gyara kafin biro ya taɓa ta. Mu ne za a riƙa kira a ƙauyukanmu mu karanta takardar haya, ta jingina, ta rancen taki, ta kwangilar rijiyar burtsatse. Iyayenmu ba za su tambaye mu GP ɗinmu ba, takarda za su miƙo mana.

Kuma tunda a mujallar ƙungiyar ɗalibai nake rubutu, bari in taɓa na kusa, shugabanni su yi min afuwa. Duk lokacin zaɓe, takardun 'yan takara cike suke da "Providing water in the hostels", "Ensuring security", "Improving students' welfare", "Looking into the issue of results". Samarwa, tabbatarwa, ingantawa, dubawa. Babu "I will", babu wata, babu rana. Alkawarin da ba shi da mai yi kuma ba shi da lokaci, ba a iya cewa an saɓa shi, don tun farko ba a ɗaure kowa ba. A daren gabatar da manufofi mai zuwa, ku zo da biro. Ku ja layi ƙarƙashin kowace -ing, in an ba da damar tambaya ku ɗaga hannu ku ce, "Kwamared, wannan famfon, kai za ka gyara ko hukumar makaranta, kuma kafin wane sati?" Wanda ya amsa da suna da rana, ku rubuta ku ajiye, ku ba shi ƙuri'a in kun ga dama. Wanda ya amsa da wata sabuwar -ing ɗin kuwa, ku bar shi ya ci gaba da kamfenin.